Yadda ake karanta zanen coci na zamanin Renesans: darasi daga allon Rogier van der Weyden

A gidan adana zane-zane na Prado da ke Madrid akwai wani allon katako mai faɗin mita 2.6, tsayinsa kuma ya ɗara mita 2. Mutum goma ne a cikinsa, kowanne kusan girman mutum na gaske, a cunkushe kamar an zuba su cikin akwati mai ruwan zinariya. Ana sauke gawar Yesu daga gicciye, mahaifiyarsa kuma ta yanke jiki ta faɗi. Rogier van der Weyden, haifaffen Tournai a ƙasar da yau ake kira Beljiyam, shi ya zana shi wajen shekarar 1435, a farkon zamanin da Turawa ke kira Renesans, lokacin farfaɗowar fasaha da ilimi a nahiyarsu. Da wannan allo zan nuna yadda ake bin irin wannan zane daki-daki, domin duk abin da muke nema yana ciki: baƙin ciki, launi mai tsada, da alamomin da sai an nuna wa mutum.

Labarin da ke cikin zanen na Kirista ne, yadda littattafan Bishara suka kawo shi. Musulmi ya san abin da Alƙur'ani ya faɗa a Suratun Nisa'i, aya ta 157, cewa ba a kashe Annabi Isa ba, ba a kuma gicciye shi ba, ya kuma san matsayin addininsa kan zana annabawa. Abin da ke gabanmu a nan shi ne gane abin da mai zanen ya so mutanen zamaninsa su ji da kuma dabarun da ya bi, don haka zan kira mutanen da sunayen da Littafi Mai Tsarki na Hausa ya ba su.

Mataki na 1: ka kalla tukuna, kada ka karanta komai

Nemi hoto mai girma wanda za ka iya jawowa har ka ga gashin gira. Prado ta ɗora nata a intanet, kuma tun 2009 aka ɗauki wannan allo da wasu 13 na gidan da kyamara mai tsananin kaifi. Ƙaramin hoton da ke yawo a waya ba zai yi ba, domin rabin aikin yana cikin abubuwan da ba su kai ƙwayar gero ba.

Ba shi minti biyar ba tare da ka duba bayanin kowa ba. Ƙirga mutane. Wa ke tsaye, wa ke faɗuwa? Wa ke taɓa wa? Ina idonka ya fara sauka, daga nan ina ya zarce? Rubuta abin da ka gani da kalmomi na yau da kullum: mace mai shuɗin kaya ta faɗi, namiji mai jan kaya ya tare ta, wani yaro a kan tsani. Kada ka ba kowa suna tukuna. Da zarar ka ce "wannan Maryamu ce" ka daina ganinta, ka koma ganin abin da ka riga ka sani.

Mataki na 2: nemo labarin, ka gwada shi da zanen

Yawancin zanen coci daga ƴan ayoyi ya fito. Na wannan yana cikin Bisharar Yohanna, sura 19, daga aya ta 38 zuwa 40. Yusufu mutumin Arimatiya ya roƙi Bilatus, gwamnan Romawa, gawar, Nikodimu ya zo da mur da wani itacen ƙamshi masu nauyin fiye da kilo 30, suka naɗe ta a likkafani na lilin. Iyakar abin ke nan. Aya ta 25 ta ambaci matan da ke kusa da gicciyen, kuma kalmar da ta yi amfani da ita a kansu ita ce suna tsaye.

To ga abin lura. Nassi ya ce uwar tana tsaye, mai zane ya kwantar da ita a sume. Duk inda zane ya ƙara abin da babu a nassi, ko ya cire abin da ke akwai, nan ne mai zanen yake magana da bakinsa. Rogier ya cire ɓarayi biyun da aka gicciye tare da Yesu, ya cire sojoji, ya cire tudu da sararin sama da birnin Urushalima. Ya bar masu makoki kaɗai. Suman kuwa daga ibadar zamaninsa ya zo. A ƙarni na 15 Kiristocin ƙasashen arewacin Turai sun dage kan cewa mai bi ya ji zafin wahalar Almasihu a jikinsa, kuma Maryamu ce abar koyi a wannan. A 1423 taron limaman Kolon, a Jamus, ya kafa idi na musamman don baƙin cikinta. Ba kowa ya so hoton suman ba: a 1506 malamin coci Cajetan ya yi rubutu yana cewa ba shi da tushe a nassi, bayan Taron Trent kuma, wato babban taron shugabannin cocin Katolika da aka kammala a 1563, aka rage zana shi sosai. Saboda haka ko suman kansa yana gaya maka zamanin da aka yi zanen.

Mataki na 3: karanta jiki kafin fuska

Nan ne zan daɗe, domin nan ne mutane suka fi yin gaggawa. Mun saba neman motsin rai a fuska, amma mai zanen coci ya san cewa wanda ke durƙushe a bayan ɗakin ibada ba zai ga fuska da kyau ba, siffar jiki zai hanga. A shekarar 1435 ɗin nan, can a Italiya, Leon Battista Alberti ya rubuta a littafinsa kan zane cewa ta motsin jiki ake gane motsin zuciya, kuma ɗabi'ar mutum ce ya yi kuka da mai kuka. Rogier bai buƙaci karanta shi ba kafin ya aikata.

Runtse ido kaɗan har fuskoki su dushe, ka dubi gawar da matar da ta suma. Siffa ɗaya ce aka maimaita sau biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Kan Yesu ya karkata gefe, nata ma haka. Hannunsa na dama ya sako ƙasa babu ƙarfi, nata na dama ma ya sako. An tallabe shi ta hammata, ita ma an tallabe ta. Jikin kowannensu ya lanƙwasa iri ɗaya. Ba a buƙatar rubutu a ƙasan allo don a fahimci cewa abin da ya sami ɗa ya sami uwa. Sannan ka jawo hoton daidai inda hannayensu biyu suka kusanci juna, nasa na dama da nata na hagu. Ba su taɓa juna ba. Nasa da hudar ƙusa, launinsa na gawa. Nata fari fat, jini ya janye. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai tafin hannu ba, kuma a ganina wannan ɗan gurbi ya fi duk hawayen da ke allon ciwo.

Daga nan ka duba gefe da gefe. A hagu Yohanna, almajirin Yesu, mai jan kaya ya sunkuyo ciki yana tare Maryamu. A dama Maryamu Magadaliya ta sunkuyo ciki ita ma, ta harɗe yatsu, ta ɗaga gwiwar hannu sama, jikinta a murɗe kamar mai ciwon ciki, mayafinta na zamewa ba ta sani ba. Su biyun sun rufe taron kamar baka biyu da ake rufe magana da su a rubutu, don haka ido ba shi da hanyar fita, dole ya komo tsakiya.

Wanda ya taɓa zaman makoki ya san cewa ba iri ɗaya ake jimami ba. Akwai wadda ke faɗuwa, akwai wadda ke ta murza hannu, akwai dattijon da bai ce uffan ba yana ta hidimar gawa domin idan ya tsaya zai karye. Rogier ya raba waɗannan tsakanin mutanensa. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka ba kowanne kalma guda, kuma kada ka yarda ka maimaita "baƙin ciki" sau biyu. Dole ka nemo wasu: suma, dauriya, ruɗewa, juyayi, kaɗuwa.

Sai yanzu ka shiga fuskoki. Matar da ke can ƙarshen hagu, wadda aka saba cewa Maryamu matar Kilofas ce, ta danna gefen farin lulluɓinta a ido, hancinta ya yi ja, hawaye na gangarowa; har allurar da ta maƙale lulluɓin ana gani. Yohanna bai buɗe baki ba, amma gefen idonsa ya kaɗa. Attajirin da ke riƙe da ƙafafun gawar, mai rigar zinariya, gemunsa ya fara tsirowa kamar wanda bai yi aski ba, hawaye na bin kumatunsa yana kallon wani wuri da ba kowa. Kowane ɗigon hawaye yana da ɗan haskensa da ƴar inuwarsa. Babu mai ihu a cikinsu. Idan kana son ganin ihu, sai ka je ga Hauwa'u a zanen Masaccio na korar Adamu da Hauwa'u daga Aidan, a cocin Santa Maria del Carmine da ke Fulorans, wanda aka yi wajen shekara goma kafin wannan: baki buɗe, ido a rufe, Adamu kuma ya rufe fuska da tafi biyu don kunya.

Mataki na 4: launi, ka fara da kuɗinsa

Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne haddace jeri: shuɗi sama, ja jini, kore bege, fari tsarki. Jerin ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, amma idan ka ɗora shi a kan kowane zane zai kai ka daji. Tambaya ta farko ita ce da me aka yi launin, kuma nawa ya ci.

Shuɗin rigar Maryamu daga dutsen lazuli ne, wanda ake haƙowa a tsaunukan Badakshan na Afganistan, ya bi hannun fatake har birnin Benis na Italiya, daga nan ya haura arewa. Niƙa shi kawai ba ya ba da launi mai kyau, toka-toka yake fitowa. Cennino Cennini, wajen 1400, ya bayyana yadda ake kwaɓa garin da ƙaro da kakin zuma, a bar shi kwanaki, sannan a riƙa matsa shi cikin ruwan toka har shuɗin ya fito. Matsar farko ita ce mafi kyau da tsada. Farashinsa kan yi kafaɗa da zinariya, har masu ba da aiki kan rubuta a yarjejeniya irin wanda za a sa da inda za a sa shi. Wanda ba shi da hali sai ya yi da azurait, dutsen tagulla mai arha. Don haka mutumin Leuven, birnin da aka fara kafa allon a cikinsa, da ya ga wannan rigar ya ga dukiya an zube a ƙasa don girmama wadda ke cikinta, kafin ya tuna cewa shuɗi launin sama ne. A wannan allo kuwa lazulin yana cikin mafi tsabta da aka samu a zanen yankin na wancan zamani.

Zurfin launin kuma daga fentin mai ya zo. Masu zanen Filandas, yankin arewacin Beljiyam ta yau, irin su Jan van Eyck da ya kammala babban allon Ghent a 1432, sun ƙware wajen shafa fenti siriri mai ganin-ƙasa, shafi bisa shafi, kowanne sai ya bushe. Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata ya ga yadda ake tsoma zane a baba a fitar, a sake tsomawa, har shuɗin ya yi duhu ya yi nauyi, zai gane abin da nake nufi. Haske na ratsa shafe-shafen ya dawo, shi ya sa rigar ke kamar tana da wuta a ciki.

Tambaya ta biyu: ina launin ya maimaitu? Bi ja. Yana jikin Yohanna a hagu, yana kayan dattijon da ke tallabe da ƙirjin gawar, yana hannun rigar Magadaliya a dama, sannan yana raunuka. Mai zanen ya baza shi ne don ya ja idonka daga wannan gefe zuwa wancan, kowane zagaye kuma ya dawo da kai kan jini. Jawo hoton wajen raunin haƙarƙari: jinin ya gangara, ya shige ƙarƙashin ƙyallen da aka ɗaura a ƙugu, ya sake ɓullowa a ƙasa. Bi fari ma haka: likkafani, lulluɓin mata, fuskar Maryamu. Fuskarta ta fi ta gawar fari.

Sai a nan ma'ana ta al'ada take shigowa, kuma da sharaɗi. Ja a jikin Yohanna da shuɗi a jikin Maryamu sun zama ruwan dare, amma ba doka ba ce. Van Eyck ya sha zana Maryamu cikin jan mayafi. Rawaya kan nuna cin amana a jikin Yahuza, almajirin da ya ba da Yesu, kamar a bangon da Giotto ya zana a Padua wajen 1305, amma Bitrus, babban almajirin Yesu, shi ma yakan sa rawayan mayafi a zanen Italiya ba tare da an zarge shi da komai ba. Ka kuma tuna cewa launi na tsufa. Koren da aka yi da tsatsar tagulla yakan koma ruwan ƙasa, jan da aka samo daga saiwa ko ƙwari yakan koɗe, man da aka shafe allo da shi yakan yi rawaya. Kafin ka ce mai zane ya zaɓi duhu don nuna baƙin ciki, bincika ko an wanke allon. Wannan an gyara shi a farkon shekarun 1990, shi ya sa launinsa ke ɗaukar ido haka.

Bayan mutanen babu komai sai zinariya, an yayyafa mata ɗige-ɗige masu duhu don ta yi inuwa. A cocin Filandas da Jamus an saba da akwatin bagade mai gumakan katako da aka sassaƙa aka yi wa fenti. Rogier ya kwaikwayi akwatin, sai dai ya cika shi da mutane masu hawaye da tsiron gemu. Zurfinsa bai fi faɗin kafaɗa ba, amma mutum goma da gicciye da tsani sun shiga. Lissafi bai yarda ba, ido kuma ya yarda, abin da ya rage wa mai kallo shi ne jin matsi kamar na ɗakin da aka cika ana jiran a fito da gawa.

Mataki na 5: alamomi

Iri biyu ne. Na farko na tantance mutum ne, kamar yadda rawani da sanda ke gaya maka wanda ke tafe: mabuɗai na Bitrus, rigar gashin raƙumi da ɗan rago na Yahaya Mai Baftisma, farar furen lili na Maryamu, tulun man ƙamshi na Magadaliya. A nan tulun yana hannun mutumin da ke tsaye a bayanta, ita kuma ɗamararta na ɗauke da sunayen Yesu da Maryamu. Ba koyaushe alamar ke yanke hukunci ba. Har yau masana ba su daidaita kan wanne ne Yusufu wanne ne Nikodimu tsakanin dattijon da attajirin ba.

Na biyu na ɗauke da koyarwa. A ƙasa, dab da hannun daman Maryamu, akwai ƙoƙon kan mutum da ƙashi. Ma'anar Golgota, wurin da Bishara ta ce an kafa gicciyen, ita ce wurin ƙoƙon kai, to wannan suna ne na wuri. Amma tsohuwar al'adar Kirista ta ce a nan aka binne Adamu, don haka ƙoƙon nasa ne: mutuwa ta shigo ta wurinsa, ana kuma biyan bashin a bisa kabarinsa. Hannun Maryamu ɗaya na wajen Adamu, ɗayan na wajen ɗanta.

Ƙa'idar da nake bi ita ce kada in kira abu alama sai in yana da ɗaya daga cikin shaidu uku: nassi ya ambace shi, ko ya maimaitu a zane-zane da yawa na zamanin da ma'ana ɗaya, ko mai zanen ya ajiye shi inda ba zai yiwu a ce haɗari ba ne. Ƴan tsiron da ke ƙasan allon suna iya zama alamar rai bayan mutuwa, suna iya zama ciyawa kawai, ni dai ba na rantsuwa a kansu.

Mataki na 6: wa ya biya, ina aka kafa shi

Jawo hoton zuwa kusurwoyin sama na gefe, cikin adon da ya yi kama da sassaƙa. Akwai ƴan ƙananan bakuna a rataye, irin bakan nan da ake kafawa a gicce kan gindin katako a harba da kunama kamar bindiga. Ƙungiyar maharba da wannan baka ta birnin Leuven ce ta ba da aikin, don ɗakin ibadarta da aka keɓe wa Maryamu a wajen ganuwar gari. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa aka ba uwar matsayi daidai da ɗan. Yanzu koma ka dubi gawar: hannaye a buɗe, jiki a lanƙwashe, ƙafafu a haɗe. Masana da dama na ganin siffar bakan ce. Maharbin da ya durƙusa gaban bagade ya ga makamin sana'arsa a jikin wanda yake bauta wa.

Allon bai zauna a Leuven ba. Maryamu ta Hangari, mai mulkin yankin a madadin ɗan'uwanta Sarki Charles na 5, ta karɓe shi wajen 1548, ta ba su kwafin da Michiel Coxcie ya yi. Daga hannunta ya koma ga Filibus na 2 na Sifaniya, ya shiga fadar Escorial a 1574, ya iso Prado a 1939. Abin da kake gani yau ƙarƙashin fitilar lantarki an yi shi ne don hasken kyandir, a saman bagade, ga mutanen da ke kallonsa daga ƙasa.

Wannan tambaya takan buɗe zanen da ya gagara. Gicciyen da Grünewald ya zana tsakanin 1512 da 1516, mai fata kore-kore cike da gyambo, na asibitin sufaye ne a Isenheim inda ake jinyar masu cutar da ke ruɓar da gaɓoɓi. Allon Raphael na 1507, inda ake ɗauke da gawar zuwa kabari, Atalanta Baglioni ce ta ba da aikinsa bayan an kashe ɗanta Grifonetto a rikicin Perugia na 1500, kuma a can ma uwar ta suma.

Mataki na 7: gwada a wani allo

Ɗauki na Pontormo da ke cocin Santa Felicita a Fulorans, wanda ya yi tsakanin 1525 da 1528. Labarin kusan ɗaya ne, amma babu gicciye, babu tsani, babu ƙoƙon kai, ƙasa ma da ƙyar ake ganinta. Launukan ruwan hoda ne da shuɗi mai haske kamar kayan biki, masu ɗauke da gawar kuma a kan yatsun ƙafa suke tsaye kamar ba ta da nauyi. Fara da ƙirga mutane, ka nemo wanda ke riƙe da hannun wa, sannan ka dubi saurayin da ya tsuguna a gaba da gawar a kafaɗarsa, wanda ya juyo yana kallon waje, wajen da kake tsaye.